Yadda Ake Shirya Taron Karrama Mai Wasan 'Yar Tsana na Unguwa

Tun ranar da muka karrama Baba mai dabo-dabo a unguwarmu a nan Kano wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce su ma suna da irinsa, wancan ya ce akwai wani tsoho a layinsu da ya tashi yaran unguwa kakaf da 'yan tsanarsa, ta ina za su fara? Bakina ya gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na ga gara in rubuta ta.

Mutumin da nake nufi kun san shi. Shi ne wanda zai kafa sanduna, ya yafa zane, ya shige ciki, sai ka ga wasu 'yan mutane na katako da tsumma sun leƙo ta sama suna cacar baki da muryoyi kala-kala, duk daga maƙogwaro ɗaya. Namu ya haura shekara talatin yana yi, a gidan suna, a firamare ranar ba da hutu, da daren tashe. Sati shida ya ishe ku shiri. Ku dai riƙe cewa taron nasa ne, duk abin da za ku yanke ku tambayi kanku me zai ƙare shi da shi.

1. Ku fara da shi kansa

Kada ku buɗe zauren WhatsApp, kada ku yanka kati, sai kun je kun zauna da mutumin. Mutum biyu ko uku sun isa, ɗaya ya zama dattijon da yake jin nauyinsa. Ku je bayan la'asar da goro ko kayan shayi.

Ranar da muka je mun tarar da Baba a zaure yana ɗaure wa wata 'yar tsana hannu da zare. Na ce, "Baba, unguwa ce take so ta gode maka." Ya ɗago ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗan nan, ko likita ya gaya muku wani abin da bai gaya mini ba?" A saninsa ba a yabon mutum sai ya kusa kwanta dama. Sai da muka sha dariya kafin maganar ta zauna.

Abu huɗu za ku tambaye shi: ko yana so a yi, me ya fi damunsa a yanzu, wa yake so a gayyato (da wanda ba ya son gani), da sunan da yake so a kira sana'arsa. Tambaya ta biyu ce ta juya mana lissafi gaba ɗaya. Mu muna ta tunanin lambar yabo mai ƙyalli, shi kuwa rufin ɗakinsa ne ke yoyo daidai kan buhun da yake ajiye 'yan tsanar, damina biyu ke nan.

Gargaɗi: ba kowa ke son a ce masa ɗan dabo ba, domin a kunnen mutane da yawa dabo rufa-ido ne. Wani ya fi son "mai wasan 'yar tsana". Abin da ya zaɓa shi za ku rubuta ko'ina. Idan kuwa mace ce, kamar malamar da ke koyar da yara da 'yan tsana, ku bi ta hannun maigidanta ko danginta, mata kuma su jagoranci zaman.

2. Mai Unguwa da Liman, a sati ɗaya

Mai Unguwa za ku fara gani. Ku je ku gaishe shi, ku ce, "Ranka ya daɗe, izini muka zo nema da sa albarka." Shi ya san ko maganar za ta tsaya a wurinsa ko sai ta haura wurin Dagaci ko Hakimi. Kada ku tsallake shi don wani cikinku yana da sanayya a fada. Taro da yawa a nan yake mutuwa, ba kuma wanda zai gaya muku dalili.

Wurin Liman ne aikin yake, kuma kada ku bari ya ji labarin a bakin wani. Abu biyu ke sa malamai ɗari-ɗari da wannan wasa: maganar ƙera surar mai rai, da zargin tsafi. Hanyar da ta fi ita ce ku roƙi Baba ya ɗauko biyu ko uku cikin 'yan tsanar ku tafi da su. Namu Limamin ya karɓi ɗaya ya jujjuya ta, ya ga ba komai ciki sai kara da tsumma da wata 'yar waya, ya ambaci hadisin Nana A'isha da 'yan tsanarta, sannan ya gindaya sharaɗi uku: ban da batsa, maza daban mata daban, a tashi kafin magariba. Muka ce, "Allah gafarta Malam, an gama." Shi ya buɗe mana taron da addu'a.

Gargaɗi: idan naku Limamin bai gamsu ba, kada ku tsaya jayayya, ku ba malamai ba ne. Ku mai da abin walima da addu'a da miƙa kyauta, wasan kuma a nemi wata rana a yi wa yara a makaranta.

3. Kwamiti

Mutum bakwai, kada su wuce haka. Shugaba, sakatare, ma'aji, mutum ɗaya daga dangin Baba, malamin makaranta, matashi mai jini a jika da zai yi zirga-zirga, da mace ɗaya aƙalla. Ita ce za ta shiga gida-gida, kuma a wurinmu abin da ya fito daga ɗakunan mata da adashinsu ya ba mu kunya mu maza. Ma'aji ya zama mai sana'ar kansa wanda ba a taɓa jin sa da rigimar kuɗi ba. Wanda kuka san yana neman kansila, ku ba shi kujera a cikin baƙi.

4. Kuɗi: yadda za a tara, yadda za a raba

Ku sayi littafin rasit da babban littafi guda. Ko naira 200 mutum ya bayar a rubuta masa. Masu turowa ta banki su tura asusu ɗaya tak da kwamiti ya amince da shi, sakatare ya riƙa sanar da jimla duk daren Juma'a. Waɗanda za ku fi samu a wurinsu su ne yaran da suka kalli wasan suna ƙanana, yanzu suna da shago a Kantin Kwari ko Singa, ko suna aiki a Abuja da Legas. Kada ku aika musu doguwar wasiƙa. Hoton 'yar tsanar da suka fi tsoro suna yara za ku tura musu, za ku ga aiki.

Kafin a kashe ko sisi, ku raba kuɗin biyu ku ajiye rabi a gefe. Wannan na Baba ne, ba a taɓa shi ko da rumfa za ta gagara. A ce kun tara naira 600,000, ga yadda zan raba:

300,000 nasa, kuɗi a hannu da abin da ya ce yana buƙata.
120,000 hayar rumfa, kujeru, lasifika, janareta da mai.
70,000 ruwa, zoɓo, alawar yara, goro da dabino na manya.
50,000 buga takardu, takardar yabo da mai hoto.
60,000 na ko-ta-kwana.

Misali ne kawai, farashi a Kano yakan canza tsakanin safiya da yamma. Komai za ku yi haya ku tambayi wuri uku, ku biya rabi, sauran sai an kawo kaya kun ƙirga. Na ko-ta-kwanan idan ya yi saura, a ƙara wa Baba.

Gargaɗi: kada ku dafa shinkafa. Da zarar an ji akwai abinci a roba, unguwa uku za su zo, kuɗin ya ƙare a tukunya, a kuma tashi da faɗa. Fiya wata da zoɓo sun wadatar da taron awa biyu. Haka nan idan wani mai hali ya ce zai ɗauki nauyin komai muddin hotonsa zai hau kan kyalle, ku gode masa ku ce gudummawa kuke karɓa kamar ta kowa. Hoto ɗaya ne zai hau, na mai taron.

5. Rana, lokaci, wuri

Ku guji tsakiyar damina, musamman Agusta, da zafin Maris zuwa Mayu, da azumi, da satin jarrabawa. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ya fi daɗi. Lahadi bayan la'asar ta fi mana, an dawo daga ɗaurin aure, 'yan kasuwa da yawa suna gida. Sai dai yara suna Islamiyya a lokacin, don haka ku roƙi shugaban makarantar tun da wuri ya sallame su, ko ma ya rako su. Idan kuka zaɓi Asabar, ku duba kada ta zama ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, domin motar da za ta kawo kujeru ba za ta fito da sassafe ba.

Filin firamare ya fi titi: akwai katanga, akwai ƙofa, akwai banɗaki. Ƙofar gidan Mai Unguwa ma ta yi in tana da fili. Ɗakin taro na haya kuwa ban ba ku shawara ba. Kuɗinsa kaɗai zai cinye rabon Baba, kuma yaran da ba su da takalmin kirki mai gadi zai koro su, alhali su ne 'yan kallonsa na asali.

6. Takardu

Sati uku kafin ranar, sakatare ya rubuta gajerun wasiƙu, Mai Unguwa ya sa hannu da hatimi. Ɗaya ga hedimasta, shi zai gaya muku ko sai an kai wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Ɗaya ga DPO na yankinku, ɗaya ga ofishin Hisba na ƙaramar hukuma, ɗaya ga shugaban 'yan sintirin unguwa. Idan dole sai kun tare hanyar da motoci da adaidaita sahu ke bi, ku sanar da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha. In kuma za ku gayyato mawaƙa ko 'yan fim, ko kuna da niyyar kai bidiyon kasuwa, ku leƙa Hukumar Tace Finafinai ta jiha ku ji abin da ake buƙata. Kowace wasiƙa ku yi kwafi biyu, a buga muku shaidar karɓa a ɗaya ku riƙe.

7. Kyauta

Abin da ya roƙa shi ne kan gaba. Mu kwanon rufi muka sayo da katako, kafinta ya gama aikin kwana biyar kafin taro, don kada ya zama alƙawarin bakin lasifika. Sai akwatin ƙarfe mai makulli na ajiye 'yan tsanar, da sabbin yadudduka daga Kwari da zai yi musu sutura da labule. Sai babbar riga da hula da zai sa ranar. Ku kai ɗinki da wuri, ku kuma gaya wa tela ranar da ta riga ta gaskiya da sati guda, kun dai san hali. Takardar yabo a firam ta isa, Mai Unguwa da Liman su sa hannu. Idan kuɗi ya kai, ku je KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ku tambayi yadda za a yi masa rajistar kiwon lafiya, ku biya masa na shekara.

Gargaɗi: kada ku naɗa masa rawani, kada ku yafa masa alkyabba, kada ku ƙirƙiro masa sarauta. Wannan hurumin masarauta ne. Idan kuna ganin ya cancanta, ku faɗa wa Mai Unguwa ya kai maganar inda ta dace.

8. Ku naɗi abin da ke kansa

Wannan matakin ne aka fi mantawa, ni kuwa a ganina ya fi taron daraja. Ku ware yini biyu. Waya mai kyau, wuri marar hayaniya, janareta a kashe. Ku jingina wayar a kan abu, kada a riƙe da hannu. A fito da 'yan tsanar ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoton kowace a kan farin zane, shi kuma ya faɗi sunanta, da muryarta, da abin da aka yi ta da shi, da labaran da take fitowa. Ku tambaye shi wa ya koya masa, a ina ya fara, wane wasa ne ya taɓa jawo masa rigima. Kada ku katse shi in ya yi nisa, a nan abin yake. A irin wannan hirar muka gano cewa wani mai ƙaton ciki da muke yi wa dariya muna yara, wani mai awo ne da ya taɓa tauye mudu a unguwar. Bayan wasa uku, in ji Baba, mudun ya cika.

Ku yi kwafi uku: nasa, na kwamiti, da wanda za ku miƙa wa masu adana irin wannan, kamar Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, ko masu nazarin Hausa da wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero.

Gargaɗi: ba a sa komai a Facebook ko TikTok sai da yardarsa, kuma in wani ya samu kuɗi da bidiyon, da rabonsa. Kada ku roƙe shi 'yan tsanar da sunan kai su gidan tarihi yana raye yana aiki da su. Jarinsa ke nan.

9. Gayyata da buga kyalle

Kati hamsin na manyan baƙi ya isa. Sauran jama'a sanarwar masallaci bayan sallar isha'i da bakin mata sun fi kati tafiya. Idan kuna so gari ya ji, ku kai takarda gidan rediyo, Freedom ko Rediyon Kano ko wanda kuka saba ji, amma ku sani in kuka yayata sosai filin ba zai ɗauke ku ba.

Gargaɗi: ku karanta rubutun a fuskar kwamfuta, harafi-harafi, kafin a buga. Namu kyallen ya iso ana gobe taro, muka warware shi a tsakar gida, sai ga shi ɓaro-ɓaro: "Taron Karrama Shahararren Ɗan Daba". Harafi ɗaya ya mai da dattijo abin da bai taɓa zama ba. Da daddare muka koma aka sake bugawa, kuɗin ko-ta-kwana ya yi ranarsa.

10. Shirya fili

Ana gobe ku yi gwaji, daidai lokacin da za a yi wasan. Da yamma rana tana yamma, saboda haka rumfar wasan ta kasance a gabashin fili tana kallon yamma. Hasken zai sauka a kan 'yan tsanar, 'yan kallo kuma rana tana bayansu. In kuka juya, kowa zai kalla da hannu a goshi. Ku danne gindin labule da bulo saboda iskar hunturu. Yara a tabarma a gaba, a bar taku huɗu tsakaninsu da rumfar, a ja igiya, a zaunar da malamai biyu a gefe, in ba haka ba sai wani ya rarrafa ya ɗaga labulen. Kujerun maza gefe guda, na mata gefe guda.

Hannayensa biyu suna aiki, don haka makirfon na maƙalawa a wuyan riga za ku nema, da sabon batir da na canji. Janareta a kai shi can nesa da doguwar waya. Kada ku dogara da wutar gari ko da an wuni da ita.

11. Ranar taro

A nan muka yi kuskuren da har yau yake cina. Mun sa wasan a ƙarshe wai don ya zama abin rufewa. Babban baƙo ya makara, muka jira shi. Masu jawabi kowa ya kama makirfon kamar gadonsa. Baba ya shiga labule bai yi minti goma ba aka kira magariba, yara suka watse suna ƙunƙuni. Ga tsarin da ya kamata mu bi, a lokacin sanyi da magariba ke yi da wuri:

4:15 addu'a.
4:20 Mai Unguwa ya yi maraba.
4:30 mutum uku su ba da shaida, minti uku-uku: wanda ya kalla yana yaro, uwa ɗaya, malami ɗaya.
4:45 wasa, rabin awa cur.
5:15 miƙa kyauta.
5:30 Baba ya yi magana, shi kaɗai ne ba a yanke wa lokaci.
5:50 addu'ar tashi.

Ku fara a kan lokaci ko wa bai zo ba. Sanƙira ya zama mai iya cewa "Ranka ya daɗe, lokaci" ba tare da ya ɓata wa kowa ba. Maroƙa za su zo ko ba a gayyace su ba, ku ware musu ɗan abu tun farko, ku roƙe su su bari sai an tashi.

Gargaɗi: ban da liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, ga shi kowa yana ɗauka da waya. Ku ajiye ƙwarya a kan tebur, ma'aji da ɗan Baba su tsare ta, a ƙirga a gaban shaidu. Kuɗin kyautar ma kada a faɗi adadinsa a lasifika, kada kuma a miƙa masa tsaba a bainar jama'a. Ambulan da takarda a ciki za a ba shi, kuɗin su shiga asusunsa ko a kai masa gida washegari. In aka faɗa, kafin gari ya waye masu neman rance sun cika masa zaure.

12. Bayan an watse

A daren a ƙirga kujeru a mayar, a share filin makaranta. Cikin kwana uku ma'aji ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a liƙa a allon masallaci, a kai wa Mai Unguwa kwafi. Ku koma ku yi wa Liman da hedimasta da 'yan sintiri godiya da ƙafarku.

Sannan kada kwamitin ya watse sai ya ɗaure abu biyu. Na farko, ku yi magana da hedimasta a ba Baba rana ɗaya a wata ya riƙa yi wa yara wasa, da ɗan abin da ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya ba shi. Na biyu, ku tambaye shi ko zai karɓi yara biyu ko uku su koya, da yardar iyayensu, ku kuma ɗauki nauyin kara da tsumma da fenti. Shi zai zaɓi yaran, ya fi ku sanin wanda ke da murya. A sa kafur a cikin akwatin saboda asu, a ɗora shi a kan bulo saboda gara da danshi. Ku sa ranar da za ku koma duba shi bayan wata uku, ku rubuta ta tun yanzu.

Da muka koma namu zagayen, mun tarar da shi da yara biyu a zaure, ga wata sabuwar 'yar tsana ya sassaƙa, da tabarau na waya da ɗan littafi a hammata. Ya sa hannu a cikinta, ta ɗago kai ta dubi agogon da babu, ta ce da wata siririyar murya, "Saura minti biyu, Ranka ya daɗe, saura minti biyu!" Yaran suka juyo suna kallona, suka kwashe da dariya.